Jan Fenti a Bayan Ƙaguwa

Mutumin da na yarda zan aura shi ne ya kashe mini aiki, kuma duk safiyar da ya yi hakan sai ya turo mini "Malama, an tashi lafiya?" har da hoton fure.

Kada wata ta shigo mini ƙarƙashin rubutun nan da "ki yi haƙuri, haka maza suke". Ku bari ku ji tukuna.

Aikina ƙaguwa. E, ƙaguwar da kuka sani, mai tafiya a karkace. Ina ƙarƙashin wata mata da muke kira Dakta, a wata cibiyar bincike. Ɗakinmu shi ne na ƙarshen baranda, fanka ɗaya mai kukan tsufa, kanta cike da kwalabe, kowace kwalba da ƙaguwa a cikin sifirit. Mu muke rarrabe su iri-iri, mu faɗa wa hukuma wanne ne yake da yawa, wanne ne ya kusa ƙarewa. Mutane gani suke duk ƙaguwa ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. Ta ruwan daɗi ba ta zuwa teku ta watsar da ƙwai. A cikinta take rungume 'ya'yanta har su yi ƙwari, ta sauke su nan inda take. Shi ya sa sai a samu iri guda wanda duk duniya ba shi da gida sai rafi ɗaya. Ka cike rafin, ka shafe su.

A bayan garinmu akwai wani dutse, a gindinsa akwai idon ruwa mai sanyi kamar daga firji. A nan na kamo wata ƙaguwa mai baƙin baya, ƙafafu ruwan lemo. Ranar da na ajiye ta a teburin Dakta sai da ta cire gilashinta ta goge, ta mayar.

"A ina kika samo wannan?"

Na faɗa mata. Ta ce ai dutsen nan wani kamfani ya nemi izinin fasa shi, kwamiti zai zauna a ƙarshen damina. In muka nuna irin nan babu shi ko'ina sai nan, dole a bar ɓangaren idon ruwan. In ba mu nuna ba, katafila.

Na ce, "Ai ga ta nan, Dakta, ko makaho ya shafa ya san dabam take."

"Makaho ba ya shafa launi," in ji ta. "Kuma launi ba hujja ba ne. Wannan mace ce. Namiji nake so, babba, wanda ya gama girma."

Bari in yi muku bayani sau ɗaya, don duk labarin a nan yake. In ka kifar da ƙaguwa, murfin cikin mace faffaɗa ne, na namiji siriri kamar yatsa. A ƙarƙashin murfin namiji akwai wasu ƙayoyi biyu ƙanana. Bakin ƙayar nan kamar makulli yake, kowane iri da yankan nasa. Da shi ake gane iri. Mace ba ta da shi, ƙaramin namiji nasa bai gama fita ba. Ko buhu guda na mata ka kai, ba ka kai komai ba.

Da na faɗi haka a gida, Yayana ya kusa shaƙewa da shayi.

"Umma, kin ji? Ke kina ta addu'ar Allah ya kawo miji nagari, ashe ita ma nema take, a cikin taɓo!"

Umma ba ta yi dariya ba. Ta dubi takalmin robata da ke bakin ƙofa, ta dubi gefen hijabina da ya sha laka, ta ce, "Sa'o'inki suna goyon na biyu, ke kina warin kan kifi."

Kan kifin shi muke sawa a tarko. Tarkunan roba muke da su, ƙaguwar dutsen nan kuwa ta mayar da su abin wasa, ta tsinka ta fita. Dakta ta ce in nemi mai walda ya yi mana na ƙarfe. Shagon ƙarshe kafin kwalta ta ƙare, nan na tsaya.

Yana tsugune yana haɗa ƙafar gado, baƙin tabarau a goshi, riga duk hujin tartsatsi. Na miƙa masa zanen.

"Na ɓera ne?"

"Na ƙaguwa."

"Ci kike yi?"

"Karatunta nake yi."

Ya juya takardar, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai duk wadda ta taɓa cizona ban ga rubutu a jikinta ba."

Na danne dariyata. Ya gani.

Gaskiya ɗaya ce, ya iya aiki. Tarkunan da ya yi, ƙofarsu tana rufuwa da sauti mai daɗi, ba kaifi ko ɗaya da zai ji wa dabba ciwo. Ya ce hanyar dutsen ba ta yi wa mace da kaya ba, ya ɗauke ni a babur. Washegari ma haka. Ya koyi kifar da ƙaguwa ba tare da ta kama shi ba, ya koyi bambanta mace da namiji a kallo ɗaya. Ni na koya masa, da hannuna. Yana kirana Malama, ina kiransa Injiniya. Ku da kuka taɓa so kun san yadda abin yake shiga, ba sallama.

Ranar da Umma ta ji, ta dafe ƙirji. "Mai walda? Da digirinki? Gwaggonki za ta ji da me?"

Sai ga shi ya zo ya gyara ƙofar gidanmu da ta shekara tana jan ƙasa. Ya yi wa Umma abin ɗora tukunyar gas. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Abba, Abba ya ce yaron yana da natsuwa. Yayana ya fara aron babur ɗinsa. Kafin in ankara, ya fi ni fada a gidanmu.

Wata yamma yana zaune a kan kafet ɗin falo, ya sa farar riga ya goge ta har tana ƙyalli, ni kuma bakina ya yi zafi da murna. Na ce Dakta ta yi mini alkawari: da zarar mun samu namijin mun rufe aikin nan, za ta tafi da ni babban kogi, can nesa, inda za a yi shekaru ana bincike, daga nan in ci gaba da karatu.

Injiniya ya ajiye kofinsa a hankali. Umma ta ce, "Nesa kamar ina?"

"Sai an kwana a hanya."

Kowa ya koma hura kofinsa. Ni na ɗauka shayin ne ya yi zafi.

A satin Umma ta kafa doka. Ƙaguwa da duhu take shiga tarko, dole a kwashe da sassafe kafin rana ta dafa su, ni kuwa nakan fita da asuba. Umma ta ce an daina. "'Ya mace a bayan gari, gari bai waye ba? Mutane su ce me? Ga yaron nan shagonsa yana kusa, ya riƙa duba miki, ke ki tafi da hantsi ki karɓa."

Na yi gardama, Abba ya ce maganar uwarki gaskiya ce. Injiniya ya ce ai ba komai, shi ma motsa jiki ne. Har godiya na yi masa, jama'a. Har cewa na yi Allah ya bar mu tare.

Daga nan kullum wayata takan yi ƙara ina cikin shafa mai.

"Malama, yau ma mata ne. Mazan sun tafi kallon ƙwallo."

Wata rana: "Mace da 'ya'ya a ciki. Na gaishe ta da jego."

Wata rana: "Ƙaramin yaro ɗaya, ko gemu bai fara ba. Ki yi haƙuri, gobe da rabonmu in sha Allah."

Ni kuma in tura masa fuskar dariya, in ɗaura ɗankwali, in zura takalmin roba, in je in tarar da bokiti a inuwar shagonsa ya rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. In auna su, in ɗauki hoto, mu koma tare mu sake su. Mata. Mata. Yara. Mata.

Dakta ta fara tsaki. "Wane irin gari ne ba maza? To wa yake yi musu cikin? Ke kike duba tarkunan nan da kanki?"

Na ce wani amintacce ne yake duba mini.

"Amintaccen wa?"

Raina ya ɓaci. Na ce ni na koya masa, kuma mutum ne da ko allura ba zai ɗauka ba. Ta ce ita ba ɗauka take tsoro ba. Ta ce in je da kaina. Na roƙi Yayana ya raka ni, amma da yake ni wawiya ce, sai da na turo wa Injiniya saƙo tun da yamma: "Gobe zan zo da wuri, mu duba tare." Muka iso muka tarar da shi a gindin dutsen, ƙafar wandonsa a jiƙe har gwiwa, ya ce yanzu ya iso, jiranmu yake. Muka buɗe tarkuna. Mata. Na ɗauki hoto na tura wa Dakta, har da gadarata. Mun gwada tonon rami da hannu, ramukan sun shige ƙarƙashin dutse, hannu ba ya kaiwa. Ita Dakta ƙafarta ba ta hawan dutsen, tun wani haɗari da ta yi. Ta dogara da ni, ni na dogara da shi.

Damina ta ja jiki. Kwamiti ya zauna. Na sa doguwar rigata mai ruwan toka, na zauna a bayan Dakta da kwalbar mace a cinyata. Dakta ta yi magana har muryarta ta dushe. Mutumin kamfanin, wani mai ƙamshin turare, ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Dakta, a littafin da ke da kanki kika rubuta, da me ake tabbatar da iri?"

Ta ce, "Da namiji."

"Yana ina?"

Shi ke nan. Aka rubuta ta a cikin ƙaguwar da take ko'ina, wadda ba ta bukatar kariya. Aka ba su izini.

Na yi kuka a bayan babur ɗinsa har hijabina ya jiƙe. Yana ta cewa, "Ki bar wa Allah, Malama, wani aikin zai zo." Tafiyar babban kogi ma ta bi ruwa, don masu ba da tallafin binciken sun ce sai sun ga sakamakon wannan. A gida kuwa Umma sai fara'a. Manyansa suka zo suka ga Abba. Gwaggo ta dawo gidanmu da zama, ita da Umma suna ta baza yadudduka a kan gado, wannan ya hau fatarki, wancan ya yi duhu. Ni na zama kamar itace, a juya ni nan, a gwada mini can.

Ranar da katafila ta shiga, wani abu ya hana ni zama. Na ce ko matan ne in kwashe, in kai su wani ruwan. Ban gaya wa kowa ba. Na ɗauki bokiti na hau motar haya.

Idon ruwan da na sani ya zama kunun laka. Katafila ta ɗaga dutsen gindin, ta kifar. Ramukan duk sun buɗe, ƙaguwa ta fito tana gudu ko ta ina, wasu a murƙushe a sawun ƙarfe. Direban katafilar ya leƙo yana ɗaga mini hannu, "Malama, matsa mana, ko so kike ki ja mini masifa?"

Ban ko kalle shi ba. Na cafko ta farko na kifar.

Siririn murfi.

Na cafko ta biyu, ƙatuwa, hannunta ɗaya ya kai babban yatsana kauri. Namiji. Ta uku namiji. Na tsaya a cikin laka har ƙauri, ina kifarwa ina jefawa a bokiti. Maza ne birjik. Ba yadda za a yi damina guda tarko yana kwana a ruwan nan, ko ɗaya bai shiga ba.

Na ɗauraye babban a ɗan ruwan da ya rage. Sai na ga ɗigo a tsakiyar bayansa, ja, zagayayye, kamar an ɗosa da kan ƙusa. Na kankara da farce. Fenti ne, jan fentin da masu walda suke shafa wa ƙarfe kada ya yi tsatsa. Na ɗauraye wani. Ɗigo. Wani. Ɗigo.

Da ƙafa na taka har shagon, laka tana zuba daga jikina. Yana walda, bai ji zuwana ba. Na dire bokitin a gabansa. Ya ɗaga tabarau, ya leƙa, ya miƙa hannu ya kashe inji.

Na ce, "Waɗannan ne suka tafi kallon ƙwallo?"

Ya cire tabarau ya ajiye a gefe.

"Magana nake, Injiniya. Fentin wa ne wannan?"

"Nawa ne."

Wallahi na so ya yi ƙarya. Da ya yi, da na samu abin da zan yi faɗa da shi.

"Ban kashe ko ɗaya ba," in ji shi. "Mayar da su nake yi ramukansu. Alamar kuma don in san su ne. Cewa na yi bayan biki in kai ki, in kamo miki su duka, ki zaɓi wanda kike so."

"Bayan biki. Dutsen zai jira bikinka?"

"Ban zaci da gaske suke ba. Sau nawa ake cewa za a fasa dutsen nan?"

"Na gaya maka. A kan babur ɗin nan na gaya maka, ba sau ɗaya ba."

"Kin gaya mini," ya ce, idonsa ya yi ja. "Kin kuma gaya mini za ki tafi. A gabana, kina dariya. Ko waiwayowa ba ki yi kin ce to kai fa ba."

Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye muku ba. Amma na ce, "Da baki ake tambaya. Da ka ce kada in tafi, da mun yi faɗa, da mun shirya ko mun rabu. Kai kuwa kullum ka kalli idona ina kuka, ka ce in bar wa Allah."

Ya miƙo hannu zai ɗauki bokitin. Na ce in ya taɓa shi sai na tara masa jama'a.

A gida na tarar da su a ɗakin Umma, tela ta kawo ɗinki. Gwaggo ta ganni ta yi salati. Na ce a mayar da kaya, ba na auren. Na faɗi dalili a tsaye, ban ko zauna ba.

Gwaggo ta ce, "A kan ƙwaro? Ke 'yar nan, kanki ɗaya? Wannan ai so ne ya yi masa yawa."

Umma tana ninke mayafi, ba ta ɗago ba. Ta daidaita gefe da gefe, ta shafa da tafin hannu, ta ce, "Ki bar ganin laifin yaron nan. Ni na sa shi."

Na ɗauka kunnena ne.

"Ni na kira shi na ce ya riƙa sakin mazan har a ɗaura aure. Da farko ƙi ya yi, sai da na ce in ya bari kika tafi, kada ya ƙara tako mini gida. 'Ya ɗaya mace Allah ya ba ni. In zuba ido wata mai gilashi ta ɗauke ki ta kai bakin kogi, in yi ciwo ba mai miƙo mini ruwa? Na yi, kuma ko gobe sai in ƙara."

"Umma, kin san abin da aka rasa?"

"Me aka rasa? Ƙaguwa ta ƙare a duniya ne?"

Uwa ce. Akwai maganar da in ta fita ba ta komawa. Na juya, sai na ga Abba a bakin ƙofa da carbinsa, ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya dubi Umma ya ce, "Da bakina kika sa na ce maganarki gaskiya ce." Bai ƙara ba, ya koma ɗakinsa.

Na kai wa Dakta bokitin a ranar. Ba ta tambaye ni komai ba, fentin ya gaya mata. Ta ɗauki babban, ta buɗe murfin cikinsa, ta zare ƙayar da ɗan hantsaki, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta matsa gefe ta ce, "Zo ki gani."

Bakin ƙayar a lanƙwashe yake kamar ƙugiya, da ɗan tsagi a gefe. Na duba duk zanen da ke littafinmu. Babu irinsa.

"Sabon iri ne," in ji ta. "Da wannan ne a hannuna ranar kwamiti..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ɗauko kwalba.

Mun rubuta wa kwamitin, suka ce izini ya riga ya fita, kuma wurin da za a kare ɗin ma babu shi. Masu ran da na kwaso mun zuba su a baho da ruwan rijiya, muna sa musu ƙanƙara don sanyi. Ba su ci ba. Ɗaya bayan ɗaya suka kife. Mun bi duk rafukan da ke kewaye, tarko bayan tarko, ni da kaina nake kwashewa yanzu. Ko ƙafa ruwan lemo ba mu gani ba.

Masu tallafin da suka ga sabon iri, suka buɗe tafiyar babban kogi. Dakta ta ce, "Zan tafi da ke, don kin iya aiki. Amma tarkona ba ya kwana a hannun saurayin kowa." Na ce na ji.

Abba ne ya kira ni ɗakinsa ya ce in haɗa kayana, ya sa mini albarka. Yayana ya kai ni tasha, duk hanya bai yi zolaya ko ɗaya ba. Injiniya ya turo saƙonni har na gaji da gogewa, na rufe lambarsa. Umma ba ta fito rakiya ba. Ta taga na hango ta, ta riƙe labule.

Yanzu ina bakin kogin nake rubuta muku wannan. Umma takan kira ni kusan kullum, ina kuma ɗauka, don ban isa in ƙi ba. In gaishe ta, in tambayi ƙafarta, in tambayi Abba. Sai ta ce, "To ya aikin? Ba ni labari mana, kamar da."

In ce, "Lafiya lau, Umma."

Ta jira. Ina jin numfashinta a wayar, tana jira in ƙara ko kalma ɗaya. Har ta gaji ta ce, "To, sai anjima," ta kashe da kanta.